Tambaya da Amsa: Marubuci a ɗakin amsa kiran waya

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu daga ma'aikatan cibiyoyin amsa kiran abokan hulɗa, waɗanda jama'a suka fi sani da kastoma kiya, kuma dukkansu a kan rubutun ƙagaggun labarai suke tambaya. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su da na wuraren aikinsu kamar yadda suka roƙa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ma'aikaciya ce a sashen amsa kira na wani kamfanin sadarwa, kuma ina cikin masu amsa layin Hausa. Tun ina sakandare nake rubuta labarai, amma tun da na kama wannan aiki sai na ji kaina ya bushe. Daga safe har yamma magana ɗaya nake maimaitawa, gaisuwa iri ɗaya, ban haƙuri iri ɗaya, sallama iri ɗaya. Ƙawayena da muke rubutu tare sun ce idan da gaske nake son zama marubuciya in nemi wani aiki, domin wai wanda ya wuni a gaban kwamfuta da abin sauraro a kunne ba ya ganin rayuwa, balle ya rubuta ta. Shin gaskiya suka faɗa? Daga wata mai karatu, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, na gode da wasiƙarki. Kada ki ajiye aikinki saboda wannan dalili. Idan albashin ne bai ishe ki ba, ko kuwa aikin yana taɓa lafiyarki, wannan magana ce daban wadda ke da magabatanki za ku zauna ku duba, amma batun cewa babu abin rubutawa a inda kike, ban yarda da shi ba ko kaɗan. Tun farkon ƙagaggun labaran Hausa na boko ba a san marubuci da zaman gida yana jiran basira ta sauko masa ba. Waɗanda suka yi fice a gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East galibinsu malaman makaranta ne masu aiki a hannu: Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, Malam Bello Kagara shi ma malami ne a Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa a Bauchi ya yi koyarwarsa. Haka nan marubutan da suka cika kasuwar Kano da littattafai daga shekarun 1980, akwai matan aure masu hidimar gida a cikinsu, akwai 'yan kasuwa, akwai ma'aikatan gwamnati. Kowa daga inda yake tsaye ya ɗebi abin da ya rubuta.

Abin da ya fi raunana labaran da matasa ke turo mana don dubawa shi ne zance tsakanin taurari, wato mutanen da ke cikin labarin. Za ki ga alhajin birni, da tsohuwar ƙauye, da ɗalibar jami'a, da direban tirela duk suna magana da baki ɗaya, wato bakin marubucin, har in an cire sunayensu ba za a gane wanda ke magana ba. Maganin wannan ciwo sauraro ne, ke kuwa sauraro ake biyan ki albashi ki yi. A wuni guda Basakkwace zai kira ya ce "mi" a inda Bakano zai ce "me", ya ce a hwaɗa masa inda kuɗɗinsa suka shiga. Bazazzagi zai ce "wayan nan" ba tare da ya damu da jinsin kalmar ba. Bafulatanin ruga zai kira da Hausarsa mai nata kari, ɗan kasuwar Maiduguri da tasa, mazaunin Sabon Gari wanda a kasuwa ya koyi harshen shi ma da tasa. Kina zaune a bakin rijiya kina kukan ƙishirwa, Malama.

Karin harshe ma shi ne ƙarami a cikin abin da kike samu. Babban shi ne yadda kowane mutum yake tunkarar buƙatarsa. Akwai dattijon da ba zai taɓo abin da ya sa shi kira ba sai ya tambaye ki gajiya, da iyali, da aiki, da sanyi, alhali agogon da ke kan allonki yana ƙirga daƙiƙoƙin da za a tuhume ki a kansu. Akwai ɗan Kantin Kwari da ba ya ko sallama, domin yana da mai saye a tsaye a gabansa. Akwai wanda ke farawa da rantsuwa tun ba a ƙaryata shi ba, da wanda ke farawa da barazanar karya layin ya jefar, da matar da ke magana ƙasa-ƙasa don kada wani a gidan ya ji. Halin mutum a nan yake fitowa, a yadda yake roƙo, da yadda yake fushi, da abin da yake kewayewa ya ƙi ambata, kuma wannan ne ake kira gina tauraro a fagen rubutu.

Bari in ƙirƙiro misali guda, wanda na tabbata kin sha jin makamancinsa tun daga Disambar 2020 da gwamnati ta ba da umarnin haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, zuwa Afrilun 2022 da aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, har zuwa 2024 da aka shiga rufe su ɗungurungum. Wata mata ta kira da wayar maƙwabciyarta, ta ce layinta ya daina aiki. Kika nemi lambar, ta soma karantowa tana tsayawa, wani yaro a gefe yana gyara mata. Da kika duba sai kika ga da sunan namiji aka yi wa layin rajista, don haka kika faɗa mata abin da ƙa'ida ta ce, wato mai layin ya je ofis da kansa da katin shaidarsa. Ta yi shiru har kika zaci sabis ne ya ɗauke, sai dai kina jin ana daka a can nesa. Can ta ce, "To ai 'yar nan mai layin ya riga mu gidan gaskiya, da azumin bara." Kika yi mata ta'aziyya a gurguje. Ta amsa, sannan ta ƙara da cewa, "Ni ba don kira ba ne. Mutanen da yake bi bashi wannan lambar suka sani, in ta mutu shi ke nan."

A kwamfutarki wannan kira zai shiga ne a ƙarƙashin matsalar rajistar layi, tare da ɗaruruwan irinsa. A wurin marubuciya kuwa yanzu aka buɗe ƙofa. Su wane ne ake bi bashin, kuma mene ne ya sa take zaton za su kira da kansu? Yaya aka yi wayar ta tsaya a hannunta, ba a hannun kishiya ko ƙannen mamacin ba? An raba gado ko ba a raba ba? Yaron da ke gyara mata lamba ɗanta ne ko ɗan riƙo, kuma me ya sani wanda ita ba ta sani ba? Matar ba ta ce tana cikin talauci ba, ba ta ce dangin miji sun juya mata baya ba, ba ta yi kuka ba, amma jimla ɗaya ta ɗauko duk wannan ta ajiye a gabanki. Marubuta da yawa sai sun cika shafi uku da bayanin halin da tauraruwa ke ciki kafin mai karatu ya ji abin da wannan jimla ta isar. Ƙorafin da mutum ya kira a kansa sau da yawa ba shi ne labarin ba. Labarin yana cikin abin da ya suɓuce masa a gefen ƙorafin.

Sannan ki dubi abin da ya biyo baya, domin a ganina nan ne ya fi ko'ina arziki. Tsarin maganar da aka rubuta muku ya wajabta miki ki rufe kiran da tambayar ko akwai wani abin da za ki iya taimaka mata da shi, ki gode mata da zaɓen kamfanin, ki yi mata fatan wuni lafiya, kuma kin san masu duba ingancin aiki za su iya sauraron kiran daga baya su rage miki maki idan kin tsallake ɗaya daga ciki. Kina faɗin waɗannan kalmomi ga matar da ba ki iya yi mata komai ba, kina sane da haka, ita ma tana sane. Maimaicin da kika ce ya busar miki da kai shi kansa abin rubutawa ne, domin tsakanin abin da aka sa ki faɗa da abin da zuciyarki ke son faɗa akwai tazara, kuma a irin wannan tazara labari mai kyau yake zama. Labaranmu sun cika da 'ya'yan masu kuɗi, da likitoci, da sojoji, da sarakuna, amma da wuya ki ci karo da tauraruwar da aka zage ta da safe a kan laifin da ba nata ba, ta haɗiye, ta ce "ka yi haƙuri ranka ya daɗe", ta sha ruwa, ta ɗauki kira na gaba da murya mai fara'a, da yamma kuma ta hau Adaidaita ta koma gida inda ake ganin ai ita zama kawai take yi a cikin sanyin na'ura. Wannan tauraruwa ke ce kika fi kowa sanin ta.

Akwai kuma wata horarwa da aikin ke yi miki ba tare da kin lura ba. Ba kya ganin fuskar kowa, don haka dole kunnenki ya gina miki wurin: carar zakara, ƙarar janareta, hon ɗin babura, kiran sallar La'asar daga wani gari da ya riga naku, jaririn da ake jijjigawa, da muryar mai gidan da ke gefe yana karanta wa matarsa abin da za ta ce. Yanzu da ake karanta littattafan Hausa a gidajen rediyo da tashoshin YouTube, masu saurare kuma suna da yawan gaske, marubuciyar da ta iya zana wuri da sauti ta riga takwarorinta da nisa.

Gargaɗi ɗaya zan yi miki. Abu mafi sauƙi ga mai irin aikinki shi ne ya tara labaran ban dariya na mutanen karkara da ba su gane waya ba, irin waɗanda ake shirya wa barkwanci a Facebook da TikTok. Ki guji wannan hanya, domin dariyarta ba ta kwana. Sai a 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya sosai, kuma har yau yawancin saƙonnin da kamfanoni da bankuna ke turo wa mutane da Turanci suke zuwa. Manomin da ya danna abin da bai iya karantawa ba aka shiga cire masa kuɗi kullum ba wawa ba ne, an dai yi masa magana da harshen da ba nasa ba a kan kuɗin da yake nasa. Idan kika rubuta shi daga inda yake tsaye, abin dariyar ma zai fito, amma mai karatu tare da shi zai yi dariyar.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina amsa kira a wani banki. A lokacin ƙarancin takardun kuɗi wani dattijo ya kira yana kuka cewa an kwashe masa ajiyarsa, da aka bi diddigi sai alamu suka nuna na gida ne ya yi masa. Labarin ya tsaya mini a rai, kuma ina so in rubuta shi kamar yadda ya faru, in canza sunansa kawai. Akwai laifi a haka? Daga wani mai karatu, Abuja.

AMSA: Akwai laifi, ɗan'uwa, kuma ta fuska fiye da ɗaya. Dattijon nan ba marubuci ya kira ba, bankinsa ya kira, ya kuma buɗe cikinsa ne saboda ya yarda cewa maganar a nan za ta tsaya. Wannan amana ce tun kafin a zo ga batun doka. Dokar ma tana nan: a watan Yunin 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, kuma ta hana amfani da bayanan mutum a wata manufa da ba ita aka karɓe su dominta ba. Ban da wannan, da wuya a ɗauki mutum irin aikinka ba tare da ya sa hannu a takardar riƙe sirri ba, shi ya sa cibiyoyi da yawa ke hana shiga ɗakin aiki da wayar hannu, wasu har da takarda da biro. Canza suna kaɗai ba ya ɓoye mutum. Idan ka bar garinsa, da sana'arsa, da adadin kuɗin, da dangantakarsa da wanda ya cuce shi, to 'yan unguwarsu za su gane shi tun a shafin farko, ka ga ka ƙara masa tonon asiri a kan asarar da ya riga ya yi.

Abin da ya halatta ka ɗauka shi ne abin da ya girgiza ka, wato mutum ya gano cewa hannun da ya miƙa wa katinsa da lambar sirrinsa don ya taimake shi, shi ne ya cuce shi. Wannan ba mallakar dattijon ba ne shi kaɗai, abu ne da ya faru a gidaje da yawa bayan da Babban Banki ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000 a Oktoban 2022, a farkon 2023 kuma kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, tsofaffin da ba su taɓa yin tiransifa ba suka koma dogaro da 'ya'ya, da jikoki, da masu POS. Ka ɗauki wannan ka gina masa sabon gida. Ka mayar da dattijon tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, ko malamin firamare mai jiran fansho, ka kai shi wani gari, ka haɗa masa halin mutum biyu ko uku da ka sani ta wasu hanyoyi, ka kuma bar labarin ya kwana biyu a ranka kafin ka ɗora alƙalami. Ma'aunin da za ka yi amfani da shi mai sauƙi ne: da a ce mutumin da kansa zai ji ana karanta labarin a rediyo, ya dace ya ce "irin abin da ya same ni ke nan", amma kada ya iya cewa "ni ne wannan".

Ko ta fuskar fasaha ma kwafin abin da ya faru ba zai ba ka labari ba. Kiran waya ba shi da farko kuma ba shi da ƙarshe; ka shigo ne a tsakiyar matsala, aka miƙa ta ga wani sashe, aka katse. Ba ka san abin da dattijon ya yi bayan kiran ba, ko ya tara iyali, ko ya rufa wa na gidan asiri ya ce 'yan damfara ne, ko kuwa tun kafin ya kira ya riga ya san wanda ya yi, yana fatan ne banki ya faɗa masa wani suna daban. Wannan na ƙarshe shi ne labarin da ni zan so in karanta, kuma ba ya cikin bayanan da ke kwamfutarka, sai ka ƙirƙire shi.

TAMBAYA: Salam Malam. Aikin karɓa-karɓa nake yi, wani mako da rana wani mako da dare, kuma idan na tashi ba na iya komai sai barci. Yaya zan yi in riƙe abin da nake ji, kuma wane irin rubutu ya fi dacewa da mai ƙarancin lokaci irina? Daga wata mai karatu, Kaduna.

AMSA: Gajiyarki gaskiya ce, Malama, domin wanda ya wuni yana haɗiye fushin mutane ba ƙaramin aiki ya yi ba, don haka kada ki ɗora wa kanki dokar cika shafuka kullum. Ki ajiye ƙaramin littafi a jakarki, a wajen ɗakin aiki, idan kin fito ki rubuta jimla ɗaya tak da ta tsaya miki a kunne a ranar, yadda aka faɗe ta, ba suna, ba lamba, ba gari. A ranar hutunki ki buɗe ki zaɓi guda, ki tambayi kanki wane ne zai faɗi haka, kuma me ya faru da shi awa guda kafin ya faɗa. Ranar da aka ɓata miki rai sosai ki rubuta jimlar ki rufe littafin, domin abin da aka rubuta cikin fushi yawanci ramuwa yake zama, tauraron ya fito mugu zalla ba tare da dalilinsa ba.

Gajeren labari shi ya fi dacewa da ke, kuma siffarsa ta yi kusa da abin da kika saba: mutum biyu, matsala ɗaya, lokaci ƙanƙane. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata zalla ta saba neman labari mai kalmomi 1000 zuwa 1500, wanda mai aiki irin naki za ta iya kammalawa a 'yan ranakun hutu. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, tana da rassa a jihohi, ciki har da Kaduna da Kano, inda ake zaman karatu ana gyara wa juna, ki nemi na kusa da ke. Don gwaji kuwa, ki rubuta kira guda daga farko har ƙarshe wanda muryar ma'aikaciyar kaɗai ake ji a cikinsa, ta yadda mai karatu zai gane wanda ya kira, da shekarunsa, da abin da ke damunsa daga amsoshinta kawai. Idan kin gama ki turo mana, za mu duba shi a wannan fili.